Gahawar Lantana, Aboabo

Ba allo a ƙofar, ba suna.
In ka wuce masu gyaran takalma,
ka bar famfon da ya daina zuba tun bara,
hancinka zai ƙarasa da kai:
'ya'yan gahawa ne a kasko,
Lantana na juya su da ludayi mai giɓi.

Kujera shida ce, ɗaya gurguwa,
an tallafe ƙafarta da wani tsohon littafi.
Kofunan ba wanda ya ɗauko kamar ɗan'uwansa.
Akwai mai tsaga a kunne;
ban taɓa cewa nawa ba ne,
amma shekara uku ke nan
ban gan shi a hannun kowa ba.

Goro ne ya kawo kakana Kumasi.
Yakan ce ɗaci ke buɗe bakin zance.
Ban gaji huhunsa ba, harshensa na gada:
in kurɓa, in jira,
ɗacin ya zauna ya miƙe ƙafa,
can sai wani zaƙi ya biyo a makare
kamar baƙon da ya san an ajiye masa tuwo.

Sau ɗaya na shiga babban na bakin titi,
mai gilashi da sanyin na'ura.
Suka tambayi sunana,
suka rubuta a kofin takarda,
suka kira shi a karkace,
na amsa kamar mai karɓar saƙon wani.
Nan kuwa, tun ina tsallake kwata
take ɗago kai:
"Gariba, jiya ba ka yi barci ba."
Ta rage madara, ba ta ƙara magana ba.

Ƙarfe bakwai Owusu zai faka tiroto a karkace,
ya bar yaron mota yana kiran Kejetiya.
Hausarsa rabi ce, Asantancina ma rabi,
mu haɗa su kan teburi su isa gardamar ƙwallo.
Malama Adiza na lungu da jan biro,
tana yi wa takardun yara hukunci;
in kofinta na biyu ya zo
makin yakan ɗan tashi,
mun lura, ba mu faɗa mata ba.

Ranar da aka ɗauke wuta,
injin niƙa ya haɗiye muryarsa,
ruwa na dukan kwano kamar ana binsa bashi.
Lantana ta jawo ƙaramin turmi,
ta miƙa wa Owusu taɓarya.
Ƙato guda, yana daka yana haki,
fasinja na masa hon da hannunsu a waje.
Ban sha wadda ta kai ta ranar ba.

Sai damina ta biyu,
keken ɗinkina ya tsaya, aiki ya tsaya.
Na riƙa bi ta bayan masallaci
don kada ƙanshin ya gan ni.
Ta aiko yarinya da kofin mai tsaga, a rufe da faranti.
Washegari ma haka.
Kwana arba'in da ɗaya, na ƙirga,
don mai jin kunya ba ya ɓatan lissafi.

Da hannu ya sake, na zo da sidi a ninke,
na ce a duba littafi.
Ta nuna gurguwar kujera da haɓa:
"Ga bashinka can yana aiki.
In na zaro shi, Owusu zai faɗi."

To, in ka tambaye ni me ake zuwa nema
a ɗakin da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba,
ban iya kwatance ba.
Zo da safe, kafin rana ta hau kwano.
Zauna inda ka ga dama,
ko kan gurguwar, tana ɗauka.
Kofin nan mai tsaga dai, ka bar shi.