Mai Riƙe Tocila

Da an ɗauke wuta a Rafindadi
maƙwabta sai tsaki, kowa ya ja tabarma waje,
ni kuwa in taɓa ƙafar Mantau:
tashi, kasuwarmu ta ci.

Kyamarar 'yar gwanjo ce,
wurin mai gyaran rediyo na same ta a Ƙofar Ƙaura
da kwasar adashen wata huɗu.
Murfin batirinta da kyauro nake ɗaure shi.
Abin ɗora ta kuwa turmin Inna ne,
mu kife shi, mu yi masa gammo da tsumma.

Tocila uku gare mu.
Ta Baba, mai hasken ruwan ɗorawa.
Wata mai caji, fara fat, marar kunya.
Sai 'yar auta da muka toshe wa baki da ledar burodi
don kada ta yi wa bango tsawa.

Duhu ba a yi masa gaggawa.
In buɗe idon kyamara, in fara ƙirga cikin ciki,
shi kuma ya bi jikin ganuwa can wajen Ƙofar Guga
yana shafa mata haske
kamar mai yaɓe da tafin hannu,
sama, ƙasa, ya kewaye ramin ƙadangare,
kafin in kai talatin ya dawo yana haki.

Da rana wa ke kallon ganuwar nan?
Tudun ƙasa ce da awaki ke hawa.
Amma a hoton, ga zanen da ruwan sama ya bari,
ga tsakuwa kowace da inuwarta.

Ran nan Jatau ɗan sintiri ya dallare mu da tasa,
ya ɓata mana hoton kuka.
Da ya leƙa ya ga ba sata muka fito ba
ya jingine gora, ya gyara hula, ya ce shi ma a yi masa.
Na ce kada ka motsa.
Sauro ya ce bai ji ba.
Jatau ya fito da kai biyu,
har yau yana nuna wa mutane.

Abin da ban lura ba sai bana:
mai yawo da haske ba ya fitowa.
Baƙar riga yake sawa, ba ya tsayawa,
kyamara ta kwashe abin da ya haska
shi ta bar shi.

Wata bakwai ke nan da ya bi motar albasa zuwa Fatakwal.
Na zauna na bi hotuna ɗari huɗu da 'yan kai.
Ga tukunyar mai shayi, ga hannun Baba kan carbi,
ga kare yana hamma a bakin kwata,
duk shi ya haska su,
ba shi a ko ɗaya.

Sai guda, daren da atishawa ta tsayar da shi.
Gefen kunne ne kawai, da rabin kafaɗa,
dishi-dishi, kamar tabon ruwa a jikin randa.
Shi na kai aka wanke mini.

Yanzu ni nake dannawa, ni nake rugawa,
in yi tuntuɓe da turmi, ƙirga ta ɓace mini.
Jiya na kira shi.
Na ce can ma ana ɗauke wuta?
Ya yi dariya, ya ce Yaya,
ka sauya wa 'yar auta leda, waccan ta huje.