Sakin Layi na Tara

Shekara sha bakwai ina tsaye bayan sikeli
a kamfanin man gyaɗa, can hanyar Dukku.
Ranar Litinin aka kira mu, mu goma sha ɗaya,
aka ce kasuwa ta faɗi, za a rage hannu.
Na dubi nawa guda biyu,
ban ga wanda ya yi yawa ba.

Takarda shafi huɗu, biro kwance a kanta.
Manaja Sa'adu bai ɗago kai ba.
"Sa hannu nan, da nan, kuɗinka su shigo kafin Juma'a."
Na ce bari in karanta.
Ya ce, "Yila bai karanta ba, ga shi har ya sayi babur."

A lissafinsu shekaruna tara ne.
Takwas ɗin farko, wai ɗan rana nake,
ba lamba, ba fayil.
To wa ya shaƙi ƙurar ɓawo a takwas ɗin?
Tarin da ke tashe ni kafin kiran assalatu
bai san ranar da aka buɗe mini fayil ba.

Wannan dai gardamar kuɗi ce, a yi a shirya.
Sakin layi na tara ne ya tsaya mini a maƙoshi:
abin da ido ya gani, abin da kunne ya ji,
kada ya fita bakina har abada.
In ya fita, in dawo da kuɗin,
ga tara a kai.

Ni za a koya wa riƙon amana?
Farashin da suke ba dillalan Kano,
sunayen masu sari, yadda ake tace man ya yi haske,
duk suna cikina, ba a biya ni sisin ajiya ba.
Wani ya taɓa bar mini ambulan a kan benci,
na bi shi da ita har bakin titi.
Na san ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Amma akwai sikelin.
Tun da aka kawo mai gyara da daddare, damina shida ke nan,
kilo biyu yake haɗiyewa a kowane buhu.
Bai taɓa ƙoshi ba.

Barista Asabe, a ɗan ofishinta na saman bene,
ta cire tabarau ta ce,
"Sirrin sana'a daban, rufa cuta daban.
Takarda ba ta ɗinke baki a kan zamba.
In ka shirya, mu je kotun ma'aikata,
da shekarunka takwas, da wannan.
Sai dai can za a tambaya:
wa ya rubuta lambobin?"

Wa ya rubuta.
Rubutuna ne, mai kwanciya hagu,
littafi bayan littafi, da jan biro a ƙarshen wata.
Ashe bargon da suke ja su rufe kansu
ƙafata ma tana ciki.

Innayo ba ta ce komai ba.
Ta ɗora takardar kuɗin makarantar Nafi'u
a kan ta kamfanin,
ta danne su biyun da filas.

Jiya a Tudun Hatsi
Bappa Jungudo na Malala ya riƙe hannuna da nasa biyu.
"Malam, an ce sun sallame ka.
Yanzu wa zai auna mana?
Kai kaɗai muke juya wa baya in ana awo."
Ya cika mini aljihu da gyaɗar bana.

Na bi ta Jekadafari a ƙasa,
aljihun yana bugun cinyata.
Bai kai rabin kilo ba, hannuna ya sani.
Na huta sau uku kafin in kai gida.

Biron na nan.
Ban sa hannu ba, ban yaga ba.
Jibi Juma'a.