Fasinjan Ƙarfe Sha Ɗaya

A Valparaíso gidaje ba sa zama,
rataye suke a jikin tsaunuka
kamar shanyar da aka manta a igiya.
Nibaldo Huenchul ke jan akwatin katako
mai hawa tudu a kan dogo,
shekara ashirin da uku, sama, ƙasa,
hannu ɗaya a birki,
ɗaya a aljihun da guntun fensir yake,
duk jikinsa shatin haƙori.

Tsakanin hawa da sauka yake rubutu
a bayan tikitin da mutane suka yar.

A labarinsa an yi shekara ɗari biyu nan gaba.
Teku ta haɗiye ƙasan gari,
kifi na shawagi a zauren banki,
kaguwa ta tare a ofishin kwastan,
amma akwatin bai daina sauka ba.
Yakan nutse har gindin ruwa, ƙofa ta buɗe,
waɗanda ruwa ya ci su shigo a jere,
su biya da ƙumba,
su hau su leƙa tagogin gidajensu,
su koma kafin zakara ya ankara.

Ya aika wa mujallar Eduvigis Painemal,
wadda ba ta da takarda, ba ta da shago,
daga teburin kicin ake haɗa ta
bayan yara sun yi barci.
Can ake buga waƙen da wata ya rubuta wa duniya,
da labarin na'urar da ta koyi kunya.
Ladan marubuci: kuɗin burodi na kwana huɗu.

Mako shida, shiru.
Sai amsa ta faɗo wayarsa yana tsakiyar tudu:

"Mun so shi ƙwarai.
Tekun, mun yarda.
Matattu masu biyan kuɗin mota, mun yarda.
Amma shafin ƙarshe,
direban da ke haɗa shayi kofi biyu kowane dare,
shekara goma sha huɗu,
don ƙanensa da jirgin kamun kifi bai dawo da shi ba,
wannan ya yi yawa.
Mai karatu ba zai gaskata ba. A cire."

Ya karanta sau uku.
Ya yi dariya har wata tsohuwa mai kwandon albasa
ta matsa can gefe.

Da ya koma gida
ya wanke kofunan, duka biyun,
ya kife su,
ya cire shafin.

An buga ranar Talata.
Wani ɗalibi a Temuco ya ce kifin bankin ya burge shi.
Wata ta ce an ga irinsa.
Eduvigis ta turo kuɗin, da ban haƙurin jinkiri.

Ƙarfe sha ɗaya, sawun ƙarshe.
Ba kowa a layi, sai kare mai ɗingishi.
Doka ta ce a kulle.
Nibaldo ya saki birki,
akwatin ya gangara fayau, yana kukan tsufa,
fitilun tashar jiragen ruwa na tasowa su tarye shi.

A ƙasa ya buɗe ƙofa.
Iska ta shigo da warin gishiri da man jirgi.
Ya ƙirga sittin.
Ya ƙara ashirin, na alfarma.

Sannan ya ja ƙofar a hankali,
a hankali,
kada ta datse dugadugin wani.