Ganyen Hagu

Landirobar Baffa ta karkace hagu
kamar mai kasa kunne a jikin katanga.
Shekara talatin da biyu yana zama a gefen nan,
shi da nauyinsa da akwatin allurar shanu,
har ƙarfe ya haddace shi.

Na kai ta garejin Ɗayyabu, can bayan Ƙofar Ƙaura,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi.
Bai gaishe ta ba. Ya dafa gindinta ya danna,
ta nutsa, ta taso, ta nutsa, ta taso,
ta ƙi tsayawa, kamar gora a kan ruwa.
"Shokozoban nan ya mutu tun kana firamare.
Ganyen sufirin biyu sun karye, an ɗaure da waya.
Aikin wa?"
Na ce na Baffa, a hanyar Batsari,
cikin dare, da tocila a baki.
Ya ja wayar, ba ta motsa ba.
Ya ce, "Allah jiƙan sa. Ya iya ɗauri."

Muka yi ciniki a tsugune.
Sabo ya fi ƙarfin aljihuna, Beljiyam ya zo daidai wuyana.
Ya ce a ƙara ganye ɗaya kowane gefe,
a sa bushi na roba mai tauri,
ta ɗaga da yatsu huɗu,
don cikinta ya daina shan taɓo a rafin da na sani,
wanda ya riƙe ni kwana guda bara
shanun Ardo Jaɓɓi suna tari a ƙetare.

Noti ya ƙi.
Tsatsa ta aure shi da bolti tun kafin a haifi Rabe,
yaron da ke kwance a ƙasa yana zuba masa kananzir
yana lallashi, yana zagi a hankali.
Aka kawo wuta. Aka sa bututu a hannun sifana,
mutum uku suka rataya.
Da ya saki, sai ya yi ƙara
irin ta tsoho da aka tasa daga barci.

Kwana uku tana kan jak, ƙafafu a sama,
ina zuwa da la'asar kamar mai dubiya.

Ranar Alhamis aka sauke ta.
Ta tsaya tsaf, kafaɗa daidai da kafaɗa.
Na bi da ita ta ramukan unguwarmu da gangan,
ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya
ko haƙorina bai haɗu ba.
Na yi dariya ni kaɗai. Sai kuma na yi shiru.

A ƙofar gida Inna ta ɗaga ƙafa, matakin ya yi mata nisa.
Aka ɗauko 'yar kujerar tsakar gida ta taka.
Ta zauna, ta gyara mayafi,
ta jira jikinta ya zame hagu yadda ya saba,
bai zame ba.
Ta dubi sitiyari, ta dube ni.
"Ta miƙe," kawai ta ce.

Na koma garejin kafin magariba.
Rabe ya riga ya tara tsoffin a gefe don 'yan gwangwan.
Na tona, na zaro ganyen hagu,
babban, mai lanƙwasa, da wayar a jikinsa.
Wani maƙeri ya ce zai fitar mini da adda biyu a ciki,
ƙarfen da ne, ba ya dakushewa.
Na ce sai na yi shawara.

Yana nan bayan kujerar direba.
In na faɗa rami mai zurfi, yakan yi magana.