Aljihun Hagu

Riɗi buhu uku na kai Gujungu,
na dawo da kuɗi ƙulle a mazagin wando.
Ban tsaya wurin tumaki ba, ban leƙa masu taki ba.
Mutanen Auyo suka ce Ilu ya zautu.

Ga dalili.
Shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa
ɗan yayata ya zo hutu daga Dutse
da wata waya mai ido uku a ƙeya.
Ya ɗauki Baba cikin kwalekwale yana jan koma,
minti goma sha ɗaya, har da tarinsa.
Kafin kaka Baba ya riga mu gidan gaskiya.

Talabijin akwai, ƙanena ya aiko daga Fatakwal,
faɗinsa ya kusa ƙyauren zaure.
Amma hoton ya fi ƙarfin tsohuwar kwamfutarmu.
In na kunna sai ta kama in'ina,
Baba ya ɗaga hannu, hannun ya sandare a sama,
fuskar ta farfashe kamar an taka madubi.
Inna ta kau da kai. "Kashe. Wannan ba shi ba ne."

Sai Ɗan'azumi mai gyaran waya ya sauko daga Kano
da guda uku a jakar goyo,
ya jera su kan tabarma kamar mai tallan sabulu.

Ta fari baƙa ce, ga nauyi, ga taƙama,
wai babu hoton da ya gagare ta.
Na tambayi cikinta, aka ce rumbu.
Faifan sola biyu gare ni bisa kwano,
batir ɗaya, shi ma ya fara furfura,
rana kuwa da magariba take tashi daga aiki.
Na ce ta koma birni inda aka saba da masu haɗama.

Ta biyu arha, har na miƙa hannu.
Da aka jona ta, fankar cikinta ta fara kuka,
sauro a kunne, tsakiyar damina.
Baba mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa,
ba zan sayo abin da zai katse shi ba.

Ta uku ba ta wuce tafin hannuna ba.
Babu fanka, bayanta tsaga-tsaga kamar ƙayar kifi,
ta nan zafi ke fita.
Ɗan'azumi ya ce, "Wannan ta san yaren hoton,
ba ta tauna, haɗiya take.
Amma sai ka haɗa da igiya mai kyau,
ko rijiya ta cika, guga mai huji wahala ce."
Na ce zafin bazara fa?
"Ɗora ta kan bulo, kar Inna ta rufe ta da zane."

Muka yi ciniki har shayi ya huce.
Riɗi ya tafi, da canjin da na so in ɓoye.

Bayan isha muka kunna.

Kogi ya shigo ɗaki bai jiƙa kowa ba.
Ga tsagar kuncin Baba, ana iya ƙirgawa,
ga ɗigon ruwa a gemunsa, rana a cikin ɗigon,
ga tarwaɗa tana motsa gashin baki.
Hannun nan ya tashi, ya sauka lafiya.

Inna ta matso har numfashinta ya taɓa gilashi.
Ba fuskar take duba ba.
"Tsayar," ta ce. Na tsayar.
Aljihun hagu a yage, zare uku na lilo.
"Na ce ya kawo in ɗinke. Ya ce sai ya dawo."

Akwatin bai yi ko tari ba, kwaɗi kaɗai a fadama.
Ta shiga ƙurya, na ji ƙarar adaka,
ta fito da rigar, allura a baki,
ta zauna inda hasken ya fi yawa.
"Zura mini zaren, idona ba ya gani.
Sannan ka sake shi ya ci gaba da jan komarsa."