Faifai da Kwando

A bayan Jega, jikin tsamiya,
mun rataye kwando da igiyar rama.
Tsakaninmu da shi, kududdufi.

Arzika ya ce ba ya kewaya.
Ya wurga faifai kai tsaye,
iska ta sure shi kamar shirwa,
ya faɗa ruwa, kwaɗi suka yi tsit.

Ni na bi gefen gonar gero,
jifa uku, kamar mai awon hatsin bashi.
Saura taki biyar, hannuna ya yi sanyi:
in na zarce, gangare ne har ruwa.
Na kwantar da shi gindi, sannan na saka.

Na ci. Amma a hanya
jifan Arzika yara ke kwaikwayo,
wandonsa na ɗiga, yana dariya.