Shafi na Ɗari da Goma Sha Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina buga masa rubutu,
ni Irmtraud, a bene na biyu, a Bochum,
inda taga ke kallon bututun hayaƙi
kuma farin labule ba ya kwana uku da farinsa.

Fada Ottmar Wellinghoff.
Rubutunsa kamar kaza ta ratsa taɓo.
Ni kaɗai ke gane shi.
Wani sa'in shi ma yakan miƙo mini takarda:
"Me na ce a nan?"

Ɗan mahaƙin kwal ne.
Uban ya shiga rami yana ɗan sha huɗu,
ya fito da huhu kamar tsumma.
Fada yakan ce tarin nan na tsakar dare, ta bayan bango,
shi ne malaminsa na farko.
Sauran a jami'a ya same su, da Latinancinsu da gemunsu.

Da asuba yana gaban bagadi, gurasa a hannu.
Da hantsi alli ya ɓata baƙar rigarsa,
yana tsare ɗalibai da ido:
Nawa ne kuɗin yinin mutum?
Wa ya yanka farashin? Yana wurin aka yanka?
Da yamma yana zauren 'yan ƙwadago,
su ce ɗan rahoton masu kamfani ne,
masu kamfani su ce ɗan gurguzu ne a rigar coci.
Sau biyu Bishof ya aiko da wasiƙa.
Ni na buga amsa. Ta farko mun yaga ta.

Ranar da rami na bakwai ya rufta da mutum tara,
uku Turkawa,
ya tsaya cikin ruwan sama bayan sahun masu sallar gawa,
hula a hannu, bai ce uffan ba.
Matar Nurettin ta aiko masa da kwalbar zaitun.
Ba ya cin zaitun. Ya cinye.

Duk an faɗi wannan a jana'izarsa.
Ga wanda ba a faɗa ba.

Babban littafinsa a kan albashin adalci ne.
Ina zaune ina bugawa, ƙas, ƙas, ƙas:
"Albashin da ba ya riƙe gida sata ce mai rasit."
Alhali shekara goma sha ɗaya ke nan
bai ƙara mini ko anini ba.
Ba mugunta ba ce.
Laifi tudu ne, shi ma a kan nasa yake tsaye
yana hango na masu masana'anta.

Sai na ɗauko takardar albashina,
da ta haya, da ta maganin uwata,
na cusa su a shafi na ɗari da goma sha biyu,
na ajiye masa, na tafi ɗora ruwan zafi.

Buta ta yi kuka ta gaji.
Can sai ga shi a bakin ƙofa,
kunnuwa ja kamar garwashi.
"Irmtraud," ya ce,
"ashe babin nan bai ƙare ba."

Ya kwana da fensir yana lissafi.
Ya sayar da motarsa.
Daga ranar, keke,
ko da dusar ƙanƙara, rigar na kaɗawa a baya
kamar hankaka mai ciwon fiffike.
Ban yi masa godiya ba. Bai nema ba.
Mun fi shiri bayan haka.

Yanzu ramukan duk an toshe su.
Littafin bai hana ba.
Ciyawa ta rufe tsibin tokar,
yara na gangarowa a kai suna ihu.
Ya rasu a Fabrairu, yana tari irin na ubansa,
shi da bai taɓa riƙe diga ba.

Suka ba ni littafin addu'arsa.
A tsakiya, ga takardar albashina,
ta yi rawaya, ta yi laushi da shafar yatsa.
A bayanta, cikin sawun kazar nan, kalma uku.

Na gane su, mana.
Wannan kam ba zan buga wa kowa ba.